Ban ruwan karas a lambun gida: me ya sa yake ƙin fitowa, me ya sa yake tsagewa?

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da wannan tambaya: "Malam, na gyara ɗan fili a bayan ɗakina, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 1, na shuka karas a watan Nuwamba. Safe da yamma nake yayyafa masa ruwa, ban taɓa fashi ba sai wani sati ɗaya da na yi tafiya, da na dawo kuwa na cika shi da ruwa sosai don ya farfaɗo. Rabin irin bai fito ba. Wanda ya fito da na tone, wani gajere ne duk gashi, wani ya yi ƙafa biyu, manyan kuma sun tsage. Ruwan ne ya yi yawa ko kaɗan ya yi? Ruwan 'yan garuwa nake saye, ina so in san jarka nawa za ta ishe shi."

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa lambun albarka. Amsar a taƙaice ita ce duka biyun sun faru. Ruwan ya yi kaɗan a ƙasa inda saiwar take, ya yi yawan zuwa a sama inda ba ta buƙatarsa, sannan rana ɗaya ya zo mata da yawa bayan ta sha ƙishirwa. Ba sakaci kika yi ba. Kin ba shi bayi iri ɗaya daga ranar shuka har ranar tono, alhali karas bayi iri biyu yake so, kuma sun saɓa wa juna. Kafin ya tsiro yana son ruwa kaɗan-kaɗan, akai-akai, a saman ƙasa. Bayan ya kafu yana son ruwa mai yawa da zai ratsa can ƙasa, a bar shi ya huta, a sake ba shi a kan ƙa'ida. Wanda ya gane lokacin da ake sauya hannu daga na farko zuwa na biyu ya gane noman karas.

Bari mu fara da irin da bai fito ba, domin a nan ne yawancin masu lambun gida ke karaya.

Ƙwayar irin karas ƙarama ce ƙwarai, ba ta da wani abincin kirki a cikinta da zai ba ta ƙarfin huda ƙasa mai kauri. Shi ya sa ba a binne ta da zurfi, santimita 1 ya isa, wato kamar kaurin ɗan ƙaramin yatsa. Ga shi kuma tana da nawa. Wake kwana 4 ko 5 kin gan shi, amma karas yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, in dare na sanyi sosai har sati 3. To ki haɗa waɗannan biyun: iri yana kwance a santimita ɗaya na saman ƙasa har tsawon sati biyu, a cikin hunturun Kano. Wannan santimita ɗayan shi ne wurin da iska ke fara busarwa. Kin yi bayi da ƙarfe 7 na safe, kafin azahar saman ya koma gari, ko da ƙasan yana da danshi. Iri kuwa in ya sha ruwa ya kumbura ya fara fid da ɗan farin baki, sannan ya bushe ko da na rabin yini ne, ya mutu ke nan. Ruwan yamma ba zai tashe shi ba. Wanda bai riga ya kumbura ba zai jira, wanda ya fara motsi shi ke tafiya. Abin da ya sa kike ganin layi ya fito nan, ya yi giɓi can.

Akwai abu na biyu da ke kashe shi, shi ne ɓawon ƙasa. Idan aka kwara ruwa da bokiti ko da bakin tiyo, ƙarfin ruwan yana narkar da saman ƙasa, rana ta gasa shi, ya zama kamar an yi daɓe. Tsiron karas siriri ne kamar zare, ba ya iya fasa wannan daɓen. Da za ki kankare ɓawon a hankali da kin tarar da su a ƙarƙashi, sun nannaɗe, sun yi fari, sun mutu. Kwarar ruwa kuma tana kwashe irin ta tara shi a gefe ɗaya na komi, wato ɗan filin da aka gyara aka yi shukar, ki ga cunkoso a lungu, tsakiya fayau.

Ga yadda nake yi, kuma shi nake koya wa kowa. Kwana ɗaya kafin shuka, ki shayar da komin sosai, har ruwa ya ratsa kamu ɗaya na hannu ko fiye. Ga filinki jarka 3 ba ta yi yawa ba. Wannan shi ne ajiyar da tsiron zai tarar idan ya saki saiwa. Washegari, ƙasa ta tsane ba ta manne wa hannu, ki ja layuka da ɗan kara, tazarar santimita 20 zuwa 25, ki gauraya irin da busasshen yashi don ya bazu, ki zuba, ki rufe da yashi mai laushi ko yashi da ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Yashi ba ya yin ɓawo, shi ne hikimar rufewa da shi. Ki ɗan danna da tafin hannu don irin ya haɗu da ƙasa. Sai ki rufe komin gaba ɗaya da buhun algarara, ko tsohuwar tabarmar kaba, ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya shimfiɗa ɗaya. Buhun algarara na fi so, domin yana shan ruwa ya riƙe, kuma ta kansa za ki riƙa yin bayin, ruwan ya tsatsa a hankali bai taɓa irin ba. Buhun leda na shinkafa ba ya wannan aiki, zafi yake tarawa. In babu abin yayyafi na lambu, ki sami gwangwanin madara babba ki huhhuda gindinsa da ƙaramar ƙusa, ya wadatar.

A wannan lokacin bayi sau 2 a rana, in iska ta yi ƙarfi sau 3, amma kaɗan: lita 2 a kowane murabba'in mita a kowane zuwa, wato filinki duka bai wuce lita 6 ba. Ba so ake a yi taɓo ba, so ake saman ya kasance da laima kamar tsumman da aka matse. Daga kwana na 5 ki riƙa ɗaga buhun kowace safiya kina dubawa. Ranar da kika ga koren zare-zare sun fara leƙowa a layi, ki cire buhun da yamma, kada ki bar shi ya ƙara kwana biyu, domin tsiron zai yi tsawo ya yi fari yana neman haske, rana ta farko ta ƙone shi. In ciyawa kika sa, ki janye ta daga kan layin ki bar ta a tsakani.

Wani abu da zan faɗa don kada a ɗora wa ruwa laifin da ba nasa ba: irin karas ba ya jure ajiya a zafi. Wanda aka buɗe gwangwaninsa ana aunawa a cokali a kasuwa, ya shekara a rana, zai iya ƙin fita ko me kika yi masa. Kafin ki shuka, ki ƙirga ƙwaya 20 ki nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa kina ɗan jiƙawa. Bayan kwana 10 ki buɗe. In ƙasa da rabi ne suka fid da baki, ki canza iri.

Yanzu ga inda ake sauya hannu. Bayan ya fito, sati biyun farko ki ci gaba da bayi kullum, amma ki mai da shi sau ɗaya da safe, ki ƙara yawansa. Idan ya fid da ganyensa na gaskiya, mai yanka-yanka, guda 3 ko 4, wato wajen wata ɗaya da shuka, ki rage cunkoson ki bar tazarar yatsu 2 zuwa 3 tsakanin kowane gindi, ki yi bayi nan take don ƙasa ta koma ta rufe na kusa da kika girgiza. Daga wannan ranar yayyafi ya ƙare.

Dalilin yana cikin halittar karas ɗin. Abin da muke ci uwar saiwa ce guda ɗaya da ke nutsawa ƙasa. A makonnin farko ba ƙiba take yi ba, tsawo take yi, siririya kamar allura, tana bin danshi. Tsawon da ta samu a wannan lokacin shi za ta cika da nama daga baya. Idan danshin kullum a yatsu biyun sama yake, ƙasa kuma a bushe, me zai kai ta ƙasa? Sai ta tsaya, ta fid da ƙananan saiwoyi a gefe suna lasar abin da ke sama. Gajeren karas mai gashi da kika tono ke nan. Yayyafin safe da yamma yana sa ganye ya yi kore shar, mai lambu ya ji daɗi, amma in aka tona kamu ɗaya sai a tarar da ƙura. Na sha tona wa mutane a gabansu su riƙe baki, don sun rantse kullum suna bayi.

To nawa ne ya isa? Ma'aunin da masana ban ruwa ke aiki da shi mai sauƙi ne: lita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai take da ruwan sama milimita 1. Littattafan lambu na ƙasashen Turai da Amurka sukan ce karas na son milimita 25 a sati. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne, kada ki ɗauke shi. A nan, tsakanin Disamba da Fabrairu, rana da busasshiyar iska suna ɗauke kimanin milimita 5 zuwa 6 kullum daga komin da ganye ya rufe. A sati ya kama lita 35 zuwa 42 a kowane murabba'in mita. Filinki murabba'in mita 3 ne, saboda haka yana son lita 105 zuwa 126 a sati idan karas ya girma. Jarkar 'yan garuwa lita 25 ce in an cika ta, ke nan jarka 4 zuwa 5 a sati. Lokacin da yake ƙarami, tsakanin wata ɗaya da wata ɗaya da rabi, jarka 3 za ta yi. Idan aka shiga Maris zafi ya taso, ki ƙara ɗaya ko biyu.

Ba a zuba su rana ɗaya, ba a kuma rarraba su sau 14. Yadda za a raba ya danganta da ƙasarki. In jigawa ce, mai yashi, irin wadda ta fi yawa a Kano da Katsina da Jigawa har zuwa Maraɗi da Damagaram, ba ta riƙe ruwa, abin da ya wuce ƙarfinta zurarewa yake yi ƙasa ya tafi da taki. Irin wannan bayi duk bayan kwana 2, jarka ɗaya da 'yan kai a kowane zuwa. In ƙasar tana da jiki, ta sha ruɓaɓɓen taki, kina dunƙula ta ta tsaya amma ki taɓa ta ta warware, to duk bayan kwana 3, jarka 2. In laka ce irin ta fadama, mai danƙo, tana iya kai kwana 4, sai dai gaskiya karas ba ya son laka, gara ki cakuɗa ta da yashi da taki ki ɗaga komin sama. Kuma ki riƙa zubawa a zagaye biyu: ki ba shi rabi, ki je ki yi wani aiki na minti 10 ya tsotse, ki dawo ki ƙarasa. Ruwan da aka zuba lokaci guda gefe yake gudu.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Alƙalin gaskiya yatsanki ne. Kafin kowane bayi ki tura manuniya cikin ƙasa tsakanin layuka har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyi da laima, ki bari sai gobe. In kin ji ta bushe har can, lokaci ya yi. Sannan ko sau ɗaya a sati, bayan bayi da awa 2 ko 3, ki sa wuƙa ko ƙaramar fartanya a gefen komi ki tona ki ga inda ruwan ya tsaya. Ana so ya kai santimita 20 zuwa 30. Gani ya kori ji. In da tiyo ko abin feshi kike bayi ba ki san yawan da ke zuba ba, ki ajiye gwangwanin tumatir biyu ko uku a cikin komin. Idan ruwa ya taru santimita 1 a ciki, kin zuba lita 10 a murabba'in mita.

Kada ki dogara da ganye. Da tsakar rana ganyen karas kan ɗan yi laushi ko da akwai danshi, da yamma ya miƙe, wannan ba komai. Wanda kika tarar a kwance da sassafe shi ne mai ƙishirwa ta gaske, kuma kafin ya kai haka saiwar ta riga ta ji jiki. Ga wani abin kuma: ƙasar da ruwa ya kwanta mata ita ma tana sa ganye ya yanƙwane ya yi rawaya, domin saiwa na numfashi, in ruwa ya cike duk ƙofofin iska sai ta shaƙe ta fara ruɓewa. Mai kallon ganye kaɗai zai ƙara ruwa a kan wanda ruwa ke kashewa.

Sai maganar tsagewa, wadda na tabbata satin tafiyarki ne ya jawo ta. Idan karas ya fara ƙiba sannan ƙasa ta bushe, girmansa yana tsayawa, fatar waje ta yi tauri ta daina miƙewa. Ranar da ruwa mai yawa ya zo, cikin yana zuƙa da sauri ya kumbura, fatar ba ta iya bin sa, sai ta yage daga kafaɗa zuwa ƙasa. Manya sun fi tsagewa domin su ne suka fi zuƙa, musamman waɗanda suka sami fili da yawa su kaɗai a inda iri ya yi giɓi. Takin zamani mai yawa, irin su yuriya, a lokacin da yake ƙiba yana ƙara abin. Ni ma ya taɓa faruwa da ni wata shekara da rijiyar gidanmu ta ja baya a ƙarshen Fabrairu, komi biyu suka yi kwana 8 babu bayi. Da ruwa ya samu, tausayin shukar ya sa na cika su har suna ambaliya. Kwana 3 bayan nan na tona na tarar fiye da rabi a tsage. Na ji zafin abin ƙwarai, don saura sati biyu a tone su. Tun daga ranar, in komi ya bushe, ba na biyan bashin ruwa rana ɗaya. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba, washegari rabi, rana ta uku a koma daidai. Karas ɗin da ya tsage ana cin sa, ki wanke ki sa a miya ko a shinkafa da wuri, ajiya ce ba ya yi.

Ƙishirwa da zafi suna taɓa ɗanɗano ma. Karas ɗin da ya sha wahala yakan yi ɗaci-ɗaci, tsakiyarsa ta yi itace. Zaƙi da jan launi sun fi samuwa idan ƙasa tana da sanyi, wajen digiri 16 zuwa 21, shi ya sa na hunturu ya fi daɗi, shi ya sa kuma Jos da kewayenta, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, suka yi suna da shi.

Mai ƙafa biyu kuwa, yawanci ba laifin bayi ba ne. Duk abin da ya taɓa bakin uwar saiwa tana ƙarama zai sa ta rabu: tsakuwa, ɓaraguzan bulo da siminti da suka cika bayan gidajenmu na birni, ƙasa mai tauri da ba a kafta da zurfi ba, ɗanyen kashin kaji ko na shanu da bai ruɓe ba, ko dashe. Karas ba a dasa shi kamar albasa ko tumatir, inda aka shuka nan zai zauna. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, nematod, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli ta rarrabu, sun fi yawa a ƙasa mai yashi inda aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa. Inda ruwa ke shiga maganar shi ne idan ya kwanta a ƙasa ya ruɓar da bakin saiwar. Kafin shuka ta gaba ki kafce komin zurfin santimita 30, ki tsince duwatsun, in da hali ki tankaɗe ƙasar da wayar tankaɗen yashi irin ta magina.

Tunda sayen ruwa kike yi, na san zuciya za ta raya miki ki yi amfani da wanda aka riga aka yi aiki da shi. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ruwan alwala da aka tara a roba, ruwan wankin shinkafa ko na ganye, duk ki zuba, alheri ne. Ruwan wanki mai omo, ruwan wanke-wanke mai sabulu da maiƙo da gishiri, ruwan da aka jiƙa kanwa, kada ki kai su komin karas. Karas yana cikin kayan lambu mafi rashin jure gishiri, ya fi tumatir da kabeji rauni nesa ba kusa ba, kuma sinadarin da ke cikin omo yana kashe laushin ƙasa ta daina shan ruwa. Ruwan kwata kuwa babu maganarsa sam. Wannan abu ne da ke kwance cikin ƙasa, yaranki za su tsige shi su ɗauraye su gutsura ɗanye. Amfanin lambun gida ai shi ne kin san abin da shukarki ta sha. In ruwan rijiya ko na burtsatse yana da zartsi, za ki ga farin gari-gari a gefen komi in ya bushe. Yayyafi kaɗan-kaɗan shi ya fi tara wannan gishirin a sama. Maganinsa lokaci-lokaci a yi bayi mai nauyi da ruwa mai daɗi ya wanke shi ya yi ƙasa da shi, da sharaɗin komin yana tsanewa.

Lokacin bayi, safiya ta fi, bayan asuba zuwa hantsi. In bai samu ba, la'asar, yadda ganye zai bushe kafin dare. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi ke kamuwa da cutar da ke sa gefensa ya yi baƙi-baƙi ya ƙone. Idan ya girma ki riƙa kai ruwan gindi, tsakanin layuka, ba bisa kai ba. Ki kula da tiyon da ya yini a rana ko baƙin tanki na kan rufi, ruwan farko da ke fitowa yana iya ƙona ƙaramin tsiro, ki tara shi a bokiti ya huce.

Hanya mafi arha ta rage kuɗin jarka ita ce rufe ƙasa. Bayan kin rage cunkoso, ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshiyar ciyawa tsakanin layuka, kaurin yatsu 2. Yana hana iska shan danshi, yana sanyaya ƙasa, yana hana ɓawo, yana kuma rufe kafaɗar karas kada rana ta mai da ita kore mai ɗaci. Matsalarsa ɗaya ita ce yana jawo gara. In gidanki akwai ta, ki riƙa ɗagawa kina dubawa, ki sa shi sirara, kada ya taɓa gindin. Katangar zana ko ta kara ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, ita ma tana rage bushewa fiye da yadda ake zato.

Game da lokacin shuka, Nuwamba da kika zaɓa daidai ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba shi ne lokacinsa a ƙasar Hausa, don ya yi ƙibarsa cikin sanyi a tone shi kafin zafin bazara. Yawancin irin da ake samu yana nuna cikin kwana 70 zuwa 110. Nau'in Nantes da Touchon sun fi saurin nuna da taushi, amma su suka fi saurin tsagewa in bayi ya yi tangarɗa. Chantenay gajere ne mai kauri, ya fi haƙuri da ƙasa mai nauyi. Kuroda ya fi jure zafi, shi nake ba mai shukar da ta makara shawara ya nema. A Afrilu, lokacin da Kano ke kai digiri 38 zuwa 40, iri ma da ƙyar yake tsirowa, ruwan da za ki saya ya fi karas ɗin tsada, ban ba ki shawara ba. Da damina kuma lissafin juyewa yake: ba a yin komi mai zurfi da ke tara ruwa, ana ɗaga kunya sama kamu ɗaya, a yi wa ruwa hanyar fita, bayi sai in an yi kwana 4 ko 5 babu sama.

In wata rana kika koma shuka a buhu ko bokitin fenti, ki tabbata zurfinsa ya kai santimita 30, gindinsa a huje. Shi kullum yake son ruwa, har sai kin ga ya fara ɗiga ta ƙasa, domin ƙasar da ke ciki kaɗan ce kuma rana na dukanta ta kowane gefe. Kada ki ajiye shi a kan siminti tsirara.

Sati biyun ƙarshe ki rage bayin da kamar kashi ɗaya cikin uku, ba ki yanke ba, don kada ya tsage a bakin gaɓa. Ki riƙa tsige ɗaya kina dubawa, idan kafaɗarsa ta kai kaurin babban yatsa zuwa sama ya isa ci, barinsa ya wuce lokaci ma yana sa shi tsagewa da tauri. Daren da za ki tone ki ɗan jiƙa ƙasar, da safe zai zaro ba tare da ya karye ba. Ki murɗe ganyen nan take, in kin bar shi yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar ta yi laushi kafin yamma.

Saura maganar tafiya, don ba za a ce kada ki je biki ko gaisuwa saboda karas ba. Ki nemi tukwanen ƙasa marasa fenti guda 3, masu ɗan ƙaramin baki, irin waɗanda ruwa ke tsatsowa ta jikinsu. Tun ranar gyaran komi ki binne su a tsakiya, ɗaya a kowace mita, bakinsu kaɗai a waje, ki rufe da murfi saboda sauro. Idan aka cika su, ruwan yana fita ta jikin tukunyar gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye, ya jiƙa kamar kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta kowane gefe. Ba za su tsirar da iri ba, wannan aikin buhu da yayyafi ne, amma ga karas ɗin da ya kafu suna riƙe shi kwanaki. Ranar tafiya ki yi cikakken bayi, ki ƙara kaurin ɓuntu, ki cika tukwanen. Wanda za ki bar wa amana kuma kada ki ce masa "ka riƙa ba shi ruwa", don zai yayyafa ne ya tafi. Ki ajiye masa jarkokin a bakin komi, ki ce ranar Talata biyu, ranar Juma'a biyu, ya duba tukwane ya cika wadda ta yi ƙasa.